Amanar Da Ke Hannun Mai Hoto

Idan mutum ya tashi aurar da 'yarsa a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, akwai mutane da dama da zai nema ya biya su. Akwai mai rumfa da kujeru, da masu dafa abinci, da mai lalle, da mai kitso, wani gidan ma har da makaɗa da maroƙa. Kowannensu da kayansa ya kan zo, ya yi aikinsa a gaban jama'a, ya karɓi ladansa, ya kama hanya. Abin da ya yi nan ya kan bar shi. A cinye abincin, lallen ya goge bayan 'yan makonni, kiɗan kuwa iska ta tafi da shi tun gari bai waye ba. Mutum ɗaya ne a cikinsu al'amarinsa ya sha bamban, watau mai ɗaukar hoto. Ya kan shigo da 'yar na'urarsa babu kome a cikinta, ya fita da ita cike da fuskokin matan gida, da adon amarya, da jeren ɗakinta, da tsakar gidan da ko maƙwabcin shekara talatin bai taɓa gani ba. Ga shi kuwa an biya shi, har an yi masa godiya.

To, abin nan da ya fita da shi, na wane ne? Na wanda ya ɗauka ne, ko na wanda ya biya, ko kuwa na wadda fuskarta ke ciki? Wanda ya tsaya ya warware wannan a ransa, zaɓen mai hoto ba zai ba shi wuya ba. Wanda bai tsaya ba, farashi da girman kyamara kaɗai zai duba, kamar dai kujeru ya zo haya.

Kakanninmu ba su sha wannan tambaya ba, don abin baƙo ne. A ƙasar Faransa aka fara bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a 1839. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Kodak wadda kowa zai iya riƙewa. Zuwa 1929 jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya, ya wuce Ƙaura Namoda, garin ya cika da baƙi masu cinikin gyaɗa da auduga, kowa da irin sana'ar da ya zo da ita. Amma ko da hoto ya zama sananne a ƙasar Hausa, ya daɗe yana abu mai tsada. Fim guda hoto 36 ya ke ɗauka in ya yi yawa, sai kuma an kai shi an wanke, a jira kwanaki. Saboda haka mai hoto ba ya danna kyamara sai ya ce, "Ku shirya," wanda ba ya so kuwa ya sami zarafin kaucewa. In an wanke a kawo 'yan ƙwarori a cikin ambulan, uwar amarya ta sa su a albam, ta jefa a adaka ta kulle. Wanda duk zai gani sai ya zo gidan, sai kuma ta ga damar nuna masa.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai, bayan 'yan shekaru aka sami masu kyamara a jiki, sa'an nan Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo baya. Yanzu mai hoto ɗaya ya kan ɗauki ɗaruruwa a wuni guda, ba ya cewa kowa ya shirya, kuma kafin a kai amarya ɗakinta hotonta ya riga ta isa Kano da Jidda. Adakar nan ta uwar amarya ba ta da sauran mabuɗi.

Mai karatu ya dubi yadda Bahaushe ya gina gidansa, zai ga inda nauyin maganar ya ke. Zaure na farko na kowa ne, nan a ke saukar baƙo, nan a ke ɗaurin aure, a raba goro da alewa. Daga nan sai shigifa, sa'an nan cikin gida. A bakin wani zauren har a kan rubuta "Ba shiga." Baligi ba ya wuce wurin sai da sallama, sai kuma an amsa an ba shi izini, matan gida sun kimtsa. Duk wannan tsari, da katanga da dangar kara da labule, abu ɗaya a ke tarewa da su, shi ne ido. Ba don ana zaton kowane baƙo mugu ne ba, sai don mutanen gida su sami wurin da za su sake, su yi dariya da ƙarfi, su zauna ba mayafi. Ranar kamu da ranar sa lalle da wunin biki mata ke taruwa a wannan wuri, kowace ta ci adonta don 'yan'uwanta mata su gani. Sa'ad da aka shigo da kyamara cikinsu, idon mutum ɗaya aka yi wa izini, amma idon dubu ne ya shigo a bayansa ba tare da ya yi sallama ba.

Wata ƙila wani ya ce, "Ai ni na biya kuɗina, hotunan nawa ne, in yi yadda na ga dama da su." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Kuɗinsa aikin mai hoto ya saya, da takarda da firam. Bai sayi fuskar matar maƙwabcinsa da ta zo taya shi murna ba, bai sayi ta ƙawar amarya wadda mijinta ya bar ta ta fito a kan wurin mata za ta ba. Waɗannan ba su sayar da kome ba, ba a ma tambaye su ba. Shi kuma mai hoto ya kan ce, "Gwanintata ce, da ita na ke tallar sana'ata." Shi ma da tasa gaskiyar, don telan da ya ɗinka riga mai kyau ba a hana shi ya rataye irinta a bakin shago. Sai dai tela riga ya ke ratayewa, ba ya rataye mai rigar.

Akwai labarin wani mai hoto na ƙasar Mali da ya kamata a ji. Sunansa Seydou Keita. Ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya yi shekara goma sha wani abu mutanen gari suna zuwa yana ɗaukarsu, mata da miji, kishiyoyi, uwa da 'ya'yanta. Mutum ne mai tattali, ya adana baƙin fim ɗin da a ke wanke hoto daga gare shi, dubbai, bai yar ba. Kowa ya karɓi ɗan hotonsa da bai wuce tafin hannu ba, ya tafi gida, ya ɗauka magana ta ƙare. Bayan shekara kusan arba'in, a 1991, sai ga waɗansu daga cikin hotunan a wani baje koli a birnin New York, ko sunan mai ɗaukar ba a rubuta ba. Aka bi sawu har aka same shi a Bamako. A 1994 aka nuna aikinsa a Paris, aka wanke hotunan manya-manya, masu kuɗin Turai da Amurka suka yi ta saye. Ya rasu a 2001 yana cikin mashahuran masu hoto na duniya. Ba mu ce ya ci amanar kowa ba, kuma aikinsa ya ɗaukaka sunan ƙasarsa. Amma a tuna da matar nan da ta ɗaura ɗankwalinta ta zauna a gabansa a 1950 domin ta aika wa 'yar'uwarta. Shin ta san wata rana za a rataye ta a bangon wani Bature da ba ta taɓa jin sunan garinsa ba? Wannan fa a zamanin da hoto ke tafiya da ƙafa ke nan, ya shekara arba'in kafin ya ƙetare teku. Yau ko ƙiftawar ido ba ya kai wa.

Dokar ƙasa ma ta lura da wannan. A cikin dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, an ce wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto don bukatar kansa da ta iyalinsa yana da ikon hana a baza shi ko a nuna wa jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya dabam da mai ɗaukar. Yana da kyau kowane maigida ya san haka. Amma alƙali ba ya iya tsinto abin da ya riga ya watsu. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta, don ita a kan manta, shi kuwa yana nan yadda ya ke.

Kada a ɗauka muna cewa a kori masu hoto daga biki. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, waɗansu sun ƙi shi sai don larura, kamar na fasfon aikin Hajji da katin zaɓe, waɗansu kuwa sun ɗauke shi kamar abin da madubi ke nunawa, hukuncinsa na bin abin da aka ɗauka. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Mu dai abin da mu ke gani da ido shi ne, hoto na da amfanin da ba a musu. Maraya nawa ne bai san kamannin ubansa ba sai a ɗan hoton ɗaurin aure? A shekarun nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙasar Zamfara, mutane suka watsu, waɗansu Gusau, waɗansu Funtuwa, waɗansu har Maraɗi, akwai gidajen da hoton biki ne kaɗai wurin da ya rage ana ganinsu a tare. Wanda ya ga tsohuwa ta ciro irin wannan hoto daga ƙullin zanenta tana nuna waɗanda ba su da rai ɗaya bayan ɗaya, ba zai ƙara cewa hoto wasan yara ne ba. Darajarsa ce ma ta sa ba a miƙa shi ga kowa.

Wannan hali da ƙasa ke ciki ya ƙara wa maganar wani nauyi. Mutanen Tsafe da Bunguɗu ba sa bukatar a ba su labarin satar mutane don kuɗin fansa, ko na masu kai rahoto daga cikin gari. Abin har ya kai a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara duka na wani lokaci. To, mutum ya jera akwatunan lefe, ya baza sarƙoƙin zinariya, ya sa a ɗauki motar da aka ba ango da ƙofar gidan da za a kai amarya, a watsa wa duniya. Wa ya ke yi wa lissafin dukiyarsa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan zamani mai hoto da ya san abin da ba a ɗauka ya fi wanda ya iya ɗaukar kome.

Yaya za a gane mai amana tun ba a ba shi aiki ba? Hanya mafi sauƙi tana wurin da mutane ba su cika dubawa ba. In ka je shagonsa, abu na farko da zai yi shi ne ya nuna maka aikinsa na baya, ko a bango ko a waya. Kai kuma sai ka shagala da kyan haske da launi. Dakata, ka tambayi kanka, su wane ne waɗannan da na ke kallo? Matan mutane ne da 'ya'yansu. Ka tambaye shi ko masu su sun yarda a nuna. In ya ce, "Waɗannan sun yarda, akwai waɗansu kuma da ba zan nuna maka ba, don masu su sun hana," to ka sami mutum, ko da kyamararsa tsohuwa ce. In kuwa ya yi ta turo maka hoto bayan hoto, har yana cewa wannan 'yar Alhaji wane ce, wannan lefenta akwati kaza ne, ka sani gobe 'yarka ce za ta zama abin tallar, wani baƙo yana zaune inda ka ke zaune. Sa'an nan ka bincika a unguwa, kamar yadda a ke binciken mai neman aure: ɗan gidan wane ne, ina shagonsa, wa zai tsaya masa. Mai wucewa wanda ba a san mazauninsa ba ya fi araha, amma araha ba ta ado. Wurin mata kuwa, in ana samun mace mai sana'ar, ita ta fi dacewa da shiga, ko da ya ke zamanta mace bai ɗauke mata sharuɗɗan nan ba, tun da waya ba ta san mace ko namiji ba.

In an daidaita, a rubuta. Wanda Allah ya ba shi ilmin karatu da rubutu ga ranar amfaninsa. Takarda ɗaya ta isa: kuɗi kaza, ranar kaza za a kawo aiki, wuri kaza za a shiga, wuri kaza ba a shiga, ba a sa ko ɗaya a intanet ko a bangon shago sai da izini. Shaidu biyu su sa hannu. Maigida kuma ya cika nasa alkawarin, ya biya a kan lokaci. Ba daidai ba ne mutum ya nemi a riƙe masa amana alhali ya riƙe wa mai aiki guminsa wata uku, ya bar hotunan iyalinsa jingina a hannun wanda ya ɓata wa rai.

Saura hoton iyali, wanda a kan yi bayan ɗaurin aure ko ranar Salla, a tara kowa a tsakar gida. Mutane na ganin wannan ba shi da wata wahala, alhali nan ne hankalin mai hoto ke bayyana. A gidan mata biyu ko uku, wa za ta zauna dama da maigida? Yaron da bai san kan duniya ba zai jawo amarya tsakiya don kayanta sun fi ƙyalli, ya bar uwargida a gefe, rabin kafaɗarta a waje. Faɗan baki ya kan mutu bayan kwana biyu, amma wannan za a sa shi a firam a rataye, kullum ta shiga ɗakin ta gan shi, 'ya'yanta ma su girma suna ganinsa. Haka kuma ɗan riƙo, da agola, da tsohon barán gida da ya goyi maigidan kansa. In aka ce, "'Yan gida kaɗai," aka tura su bayan kyamara, an gaya musu matsayinsu da harshen da ba a iya janyewa. Wannan hukunci na maigida ne, kada ya bar wa baƙo, kuma ya yanke shi tun kafin a taru.

Akwai kuma kunya. Uwa ba ta sakewa da ɗanta na fari a gaban mutane, suruki ba ya haɗa kafaɗa da surukarsa, a gidajen Fulani ma abin ya fi haka tsanani. Mai hoton da ya koyi sana'arsa daga kallon bikin waɗansu ƙasashe zai ce ango ya dafa nan, amarya ta ɗago kai ta yi dariya, uwar amarya ta matso ta rungume ta. A yi masa don an ga shi ne gwani, amma duk wanda ya dubi hoton zai ga mutane ne a takure. Amaryar da ta sunkuyar da kai a cikin mayafi, ƙawayenta kewaye da ita, ita ce gaskiyar ranar, ita kuma jikokinta za su so gani. Tsohuwar da ta ce ba ta so a ɗauke ta, a ƙyale ta. Kada a ɗauke ta a sace wai don tarihi, domin fuskarta ce, ba ta tarihi ba.

Wani abu kuma da ya yi yawa yanzu shi ne gyaran fuska a kwamfuta. Tun da can mutane na son su fito fiye da yadda su ke. Shi Seydou Keita ɗin nan har rediyo da agogo da alƙalami da babur ya kan ajiye a shago, wanda ba shi da su ya ara ya ɗauki hoto. Wannan bai zama abin zargi ƙwarai ba, don ado ne, kamar aron babbar riga ranar Salla, mutumin da ke cikin rigar kuwa shi ne dai. Na yanzu jikin mutum a ke sakewa. A mai da baƙa fara, a rage hanci, a share tsagar gado daga kumatun kaka, ta Zamfarawa ce ko ta Gobirawa, wadda da ita a ke sanin asalin gidan. Yarinya ta karɓi hoton bikinta ta ga wata ce dabam, ta kuma ji ana yaba waccan. Me aka gaya mata game da fuskar da Allah ya ba ta, wadda da ita za ta tashi gobe da safe a gidan miji? A gyara haske, a cire ƙurjin da ya fito ranar, ba laifi. Abin da ya wuce haka shaidar zur ce, ko da mai ita ce ta roƙa.

Gaskiya kuwa, mai hoton da aka biya shi ne mai sauƙin sha'ani, don an san shi, an san shagonsa. Mai wuyar ita ce wayar da ke hannun kowace ƙawa da kowane abokin ango. Waɗannan ba takarda tsakaninku, sai kunya da zumunci. Abin da ya fi shi ne uwar biki ta sa wata dattijuwa mai faɗa a ji ta sanar tun da farkon zama, cewa ga wadda aka sa ta ɗauki hoto, saura kowa ta mai da wayarta jaka, wadda ke so za a aika mata da wanda aka zaɓa. Za a yi gunaguni, wata ma ta yi fushi ta ce an raina ta. Amma da yawa daga cikin matan da ke wurin za su ji daɗi a ransu, don su ma sun fi so su yi rawarsu ba mai nuna wa mazansu da surukansu washegari.

Bayan an karɓi aiki, a zauna da amarya da uwarta a zaɓi waɗanda za a wanke a takarda, ko goma ne ko ashirin, don waya ta kan faɗa ruwa, a kan sace ta, kati kuma ya kan lalace. Sauran a yi shawara da mai hoto, ko ya goge su a gabanku, ko ya adana bisa sharaɗin da aka rubuta. Waɗanda aka wanke kuwa a juya bayansu, a sa biro a rubuta sunan kowa daga dama zuwa hagu, da sunan gari da unguwa, da rana da wata da shekara, har da sunan yaron nan da ke tsugune a gaba wanda yau kowa ya san shi.